Goyon Gaba

Ni fa tun asali ba na son jarirai. Gara in faɗa tun yanzu, don duk wanda ya ji a ɗakin jarirai masu tsananin ciwo nake aiki sai ya langaɓe kai ya ce, "Allah sarki, halan tun tana ƙarama da tausayi." Wane tausayi? In aka je barka a unguwarmu ta Dutsin-Ma, ni ce mai tsayawa bakin ƙofa da hannuwa cikin hijabi don kada a miƙo mani. Abu ba magana sai tsanyara, ka ɗauke shi don zumunci ya saka maka da tumbuɗi a kafaɗa. Ni burina a duniya aikin banki ne. Na taɓa raka Malam, mahaifinmu, wani banki, sanyin na'ura ya buge ni, na ga wata mata da takalmi mai tsini tana juyi bisa kujera mai taya, na ce to, ni ma nan zan ƙare. Lissafi kam ban iya ba, amma wannan bai taɓa hana ni barci ba.

Shekarar da na gama sakandare, ina gida ina jiran sakamako ina cin tuwon banza, aka kawo Yaya goyon ciki. Yaya ce babbarmu, tana aure a Rawayau ta ƙasar Kurfi, kuma cikin fari ne, don haka da ya shiga wata bakwai dole a maido ta gaban iyayenta ta haihu. Tsakiyar damina ce, ana ta marka. Ƙanin mijinta, Allah ya shirye shi, maimakon a nemi mota sai ya ɗoro ta bayan babur, ya biyo da ita ta ramuka da taɓo. Ya dire ta ƙofar gida yana washe baki wai sun yi sauri. Ai kuwa sun yi sauri. Washegari kafin a sauke tukunyar rana naƙuda ta tashi, muka kwashe ta sai asibiti.

Da aka nuna mana abin da ta haifa na ɗauka wasa ake. Namiji ne, amma ɗan tsakon da ya faɗa ruwa ya fi shi cika ido. Fatar ja wur, kana hango jijiyoyin, kukan ma sai ka kara kunne. Goggo, yayar Malam, wadda zawarcinta ya ƙare a gidanmu har ta zama ita ce hukuma kan duk abin da ya shafi haihuwa, ta leƙa ta ce, "Bakwaini ne. Bakwaini na rayuwa, ɗan wata takwas ne ba ya yi." Ta faɗa kamar da ita aka yi shawarar.

Akwatin gilashin nan mai ɗumi da ake sa irinsu, wanda muke ce wa kwalba, guda ɗaya ce a wurin, kuma akwai 'yan biyu a ciki. Mai kula da ɗakin wata nas ce gajeriya mai faɗan tsiya, kowa Sista yake ce mata. Ta riƙe mana shi har ta ga yana iya haɗiyar nono, sannan ta tara mu, ni da Inna da Goggo, a bakin gadon Yaya.

"Sanyi ne zai kashe maku shi in kun yi wasa," in ji ta. "Za a tuɓe shi, daga shi sai hula da ɗan kunzugu, a kwantar da shi a ƙirjin uwarshi, fata da fata, a ɗaure da zani. Dare da rana. Ba wanka, ba wannan ta ɗauka waccan ta karɓa, ba wanzami. Nono a tatsa a ba shi da cokali har ya iya kamawa."

"A ƙirji?" in ji Goggo. "Goyon? Yo Allah ya yi baya don goyo, ya yi gaba don abinci. Wa ya taɓa kwana a madafa?"

Sista ta ce akwai wata dabba mai aljihu a cikinta a can wata ƙasa, a nan take renon ɗanta, daga gare ta aka koyo. Goggo ta tafa hannu ta riƙe haɓa. "Shi ke nan! Boko ya gama da littafi ya koma bin dabbobin daji."

To amma ba Goggo ce matsalar ba, matsalar ɗan fari ne. Gidanmu gidan malamai ne, kunyar ɗan fari ba wasa ake da ita ba. Inna tun da ta haifi Yaya ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce mani, "Kira mani waccan." Ita ma Yaya haka ta taso, ta ma fi Inna. Ita ce irin 'yar da ake buga misali da ita a gidan biki, wadda ko ruwa ba ta sha gaban surukai. Saboda haka da Sista ta ce mata, "Tashi zaune, buɗe rigarki," gaban Inna da Goggo, sai Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya wa bango. Na ga Goggo tana murmushin jin daɗi, ɗiyar ƙaninta ta fitar da ita kunya.

Sista ta yi faɗa har jijiyar wuyanta ta tashi, a banza. Ta juya kan Inna. Inna ta ce ita ke da wutar ruwan wankan jego safe da yamma, ita ke da kunu, ba za ta duƙa kan murhu da jinjiri a ƙirji ba. Ta juya kan Goggo. Goggo ta ce nata ƙirjin ba aljihu ba ne. Ni kuwa ina jingine da taga ina latsa waya, ba ruwana.

"Ke mai latse-latse," in ji Sista. "Zo nan."

Na ce, "Ni? Wallahi Sista ni ban iya ba, ni ko aure ban yi ba."

"Ba aure na tambaye ki ba. Kina da zafin jiki? To cire hijabin."

Haka aka ja labule aka manna mani shi. Sanyinshi na fara ji, kamar an ɗora mani ɗanyen kifi daga dam. Ta naɗe mu da zani ta ƙulle a bayana, ta maida mani riga a sama, sai 'yar hularshi ke leƙowa ta wuyan rigar. Ta ce bakwaini yakan manta da numfashi, in na ji ya yi tsit in sosa mashi tafin ƙafa, in kuma ya ƙi cokali ko launinshi ya sauya mu sheƙo da gudu. Kada wani ya ƙawata labarin ya ce so ne ya kama ni a lokacin. Tsoro ne. Na ji abin yana motsa 'yar ƙafa bisa haƙarƙarina, na gane in na yi tuntuɓe rai ne zan faɗa a kai. Daga asibiti zuwa gida ko tari ban yarda na yi ba.

Kafin mu shiga zaure labari ya riga mu, kuma kafin la'asar unguwa ta raɗa mani suna Kwalba. Mata su zo barka, su gaida mai jego, su ce ina jaririn, a nuna ni. Sai ka ga tsofaffi sun jeru suna leƙa wuyan rigata ɗaya bayan ɗaya suna "tubarkalla, masha Allah." Wata tsohuwa da idonta ya yi rauni ta leƙa ta daɗe, ta ce ita fa ba ta gane wanne ne jaririn ba. Na ce Iya, mai hular. Akwai wani saurayi mai shagon caji da ya fara aiko kirana a lokacin. Na fita zaure a haka, ya ga tudu a gabana da kai yana leƙowa, ya yi sallama a tsaye, ya ce dama wucewa zai yi. Har yau wucewar yake yi.

Barci a zaune nake yinshi, an tokare ni da matasan kai ta ko'ina. Ya yi mani fitsari, ya yi mani wanda ya fi fitsari, ga zufa, ga ƙarnin nono. Maganar salla ta taso, aka aika wa Malam tambaya, yaya mai goyon gaba za ta yi sujada. Malam mutum ne da ke gudun sha'anin mata kamar wuta. Ya aiko cewa ya duba bai ga babin wannan ba, amma a ba wata ta riƙe kafin in sallame. To nan ne Inna ke karɓa, ta cusa shi cikin rigarta, don ita kaka ce, ba kunya tsakaninsu. Sai ka ji tana, "Kai maigidan nan nawa, ko cefane ba ka iyawa sai kwanciya. Wa ya ce ka fito tun ba a kira ka ba?" Ina sallamewa ta maido mani ta koma wurin wutarta.

Yaya kuwa tana ƙuryar ɗaki. A yi mata wankan ruwan zafi da ganye, a ɗura mata kunun kanwa, ta juya wa bango ta tatsi nono a kofi, ta turo mani kofin da baya ba tare da ta waiwayo ba. Mata na ta yabo: "Kai, yarinyar nan akwai kunya. Ɗiyar malamai ke nan. Ko kallonshi ba ta yi." Ni kuwa in na ji wannan yabon sai in ji kamar in zuba masu ruwan wankan. Rannan da hantsi Goggo ta tafi gidan rasuwa, Inna na bakin murhu, na ce mata, "Yaya, ke fa kika haifi abin nan. Ni nawa laifin mi ne? Bayana zai karye."

Ba ta juyo ba. Can ta ce a hankali, "Ya abin naki? Yana sha?"

"Abin nawa? Ni na je Rawayau na samo shi?"

Sai da na ɗaga kai na lura da inda fuskarta take. Akwai madubi jikin kabet ɗin Inna, ashe duk juya bayan nan da take yi saitin madubin take, tana kallon 'yar hular ta ciki. Muka haɗa ido a madubin, ta yi maza ta ja mayafi. Na ji haushinta, na kuma ji tausayinta, haushin dai ya fi yawa.

A kwanakin nan na san yaron fiye da yadda na san kaina. Na san lokacin da zai yi tsit, in sosa ƙafar, ya ja numfashi da ɗan ƙara kamar na takura mashi. Ya fara shan cokali da kyau, fatar ta fara sakin jan nan. Na kama kaina ina yi mashi hira, ina ba shi labarin banki. Ban faɗa wa kowa ba.

Sai ranar suna ta zo. Da sassafe maza suka taru a zaure, aka raɗa suna, aka raba goro da dabino, aka yanka rago. Rana na ɗagawa sai ga motar mutanen Rawayau, cike da mata, a gabansu Hajiya, uwar mijin Yaya. Doguwar mace ce mai jiki, muryarta ta isa ta kira mutum daga gona. Ba muguwa ba ce, kada in zalunce ta. Jikanta na fari ne ta wurin ɗanta, ta zo da turamen zani da kwallar man shanu. Amma a bayanta akwai wanzami da zabirarshi, wanda ta taho da shi tun daga gida don ba ta yarda da hannun wanzaman gari ba.

Ta zauna bisa tabarma tsakar gida ta miƙe ƙafa ta ce a kawo mata mijinta ta gani. Aka turo ni. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi tudun, ta ce, "Wannan kuma wace ce?" Goggo ta yi mata bayanin dabba mai aljihu, matan Rawayau suka kwashe da dariya har da masu share hawaye.

"To an gode," in ji Hajiya. "Kwance shi. A yi mashi aski a cire mashi beli, in yi mashi wanka da hannuna."

Na durƙusa yadda zan iya na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, Sista ta ce ba wanka, ba wanzami."

"Sista ce ta haifa mani ubanshi? 'Ya'yana duk an cire masu beli ranar suna, ga su nan kamar bijimai. In aka bar mashi abin nan a maƙogwaro shi zai toshe mashi numfashi. Ba kya ganin yadda yake ja da ƙyar?"

Na ce, "Hajiya, wannan fa ba ragon suna ba ne da za a kai shi gaban wuƙa. Jininshi duka bai cika ludayi ba."

Inna ta zaro mani ido daga bakin madafa. Hajiya ta aika zaure a gaya wa Malam, ɗan aiken ya dawo da amsa: ɗa na ubanshi ne, a ba mutane ɗansu. Malam dai ya wanke hannunshi ya koma cikin baƙinshi. Mijin Yaya kuwa ranar suna ce, yana can ya ɓuya gidan abokai don kunya, shi ma da tashi kunyar. Kowa na da kunya a ranar, ban da wanzami, wanda ya riga ya shimfiɗa buhu yana wasa aska.

Na ja da baya har na jingina da bango kusa da randa, na rungume gabana da hannu biyu. Goggo ta zagayo ta cusa hannu tana laluben ƙullin zanin. Na ce wallahi duk wadda ta taɓa ni sai na cije ta, kuma da gaske nake. Sai Hajiya ta miƙe tsaye ta zo har gabana.

"Ke a su wa?" ta ce. "Kin taɓa haihuwa? Likita ce ke? Uwarshi ce ke? Faɗa mani, ke a su wa?"

Gaskiya ta faɗa. Ni ba kowa ba ce, 'yar sakandare ce mai jiran sakamako. Abin da Sista ta ce na sani, dalilin ban sani ba. Na ji ƙullin ya saki a bayana, na ji iskar damina ta shiga tsakanina da shi, ya yi 'yar tsuwar nan tashi. Na fashe da kuka, don na san an gama.

Sai labulen ɗakin Inna ya ɗaga. Yaya ce ta fito, ba mayafi, ba ɗankwali, daga ita sai ɗaurin ƙirji, tana tafiya da ƙyar tana dafa bango. Mai jego, ranar sunan ɗan fari, gaban uwar mijinta da duk dangin miji. Wata ta ce, "La'ilaha illallahu!" Ta ratso tsakiyarsu ba ta dubi kowa ba, ta ture hannun Goggo, ta sassauta zaninta a nan tsaye, ta ɗauke shi daga jikina ta kwantar a nata. Ta ce mani, "Ɗaure mu."

Na ɗaure su. Ƙulli biyu na yi.

Sannan ta dubi Hajiya, ta ce, "Hajiya, ki gafarce ni. Ɗana ne. Ba za a taɓa shi ba."

Goggo ta zauna daɓas bisa turmi. Hajiya ta ce, "Ɗanki?" kamar an zage ta. "Yau na ga abin da ya isa. Ashe haka ake tarbiyya a birni." Ta yafa gyalenta ta ce wa mutanenta su tashi. Suka fice ko tuwon ba su ci ba, amma dai sun tafi da masar sunan. Wanzami ya naɗe buhunshi, ya tsaya a zaure sai da aka ba shi kasonshi na nama, wai ai ya wasa aska.

Daga ranar kunyar Yaya ta tafi gaba ɗaya, kamar an fasa tulu. Gaban Inna take sunkuyar da kai tana shinshina hular. Tana yi mashi waƙa da muryar da ban san tana da ita ba. Ta ƙi gadon wuta, ta ce zafin zai yi mashi yawa, wanka ma sai in na karɓe shi kuma ta yi ta kiran "yana lafiya?" daga bayan ɗaki. Goggo ta daina shiga ɗakin, tana zaune a tsakar gida tana faɗa wa kaji cewa zamani ya lalace. Rannan ya kama nono da bakinshi, ya ja sau biyu ko uku ya gaji. Yaya ta ƙwala mani kira har na yar da kwano. Muka yi ta dariya kamar mahaukata, Inna na leƙe ta taga tana yi kamar tsintsiya take nema.

Ban kai ga sabawa da barci a kwance ba abin ya juya. Wata safiya ya ƙi nono, ya ƙi cokali. Na sosa ƙafar ya ja numfashi, jim kaɗan ya sake yin tsit, leɓen ya yi duhu. Muka sheƙa asibiti. Sista ta duba shi, wannan karon ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta ce yana buƙatar iska ta na'ura da allurai da kwalba, a wuce da shi Katsina yanzu yanzu. Malam da kanshi ya tsaida mota, ya shiga gaba yana jan carbi, ni da Yaya a baya, yaron na ɗaure a ƙirjinta.

Hannuna na cikin zanin ina riƙe da tafin ƙafarshi ina ta sosawa. Mun wuce Kurfi da kaɗan sai Yaya ta dafa hannuna ta cire shi. Ta ce, "Malam direba, juya."

Na ce, "Juya ina? Yaya, da ɗuminshi fa! Taɓa ki ji, wallahi da ɗuminshi!"

Ta ce, "Ɗumina ne."

Kafin la'asar an kai shi makwancinshi. Mata suka dawo gaisuwa, har da na Rawayau, kuma ba a ɓoye ake maganar ba. Beli ne ya toshe shi. An hana wanzami aikinshi. An matse jinjiri a ƙirji ya rasa iska, wa ya taɓa ganin goyo a gaba? Ina raba masu ruwa ina ji. Abin da ya fi ci mani rai shi ne ba ni da abin cewa, don ni kaina ban sani ba. In na kwanta sai in ce, to in gaskiyarsu ce fa? Na yi ta juya abin har na rame, Inna ta fara jiƙa mani rubutu.

Da sakamako ya fito na sami Malam a zaure na ce na fasa banki, makarantar koyon aikin jinya nake so. Ya sauke tabarau ya ce, "Ke da ko kaza aka yanka sai kin rufe ido?" Na ce ni ɗin. Darussan kimiyyar ma ban ci ba, sai da na sake zama. Na shiga, na sha wuya, na suma ranar da na fara ganin tiyata, 'yan ajinmu suka yi wata guda suna kwaikwayona. Da na fara aiki aka zo rabon ɗakuna, kowa na gudun ɗakin bakwaini, na'urori na ta ƙara, jijiya kamar zare, iyaye na kuka a baranda. Ni na ɗaga hannu. Daga baya na ƙaro karatu a kan jinyar jarirai masu tsananin ciwo. Yanzu in kaka ta shigo mani da maganar beli, nakan gyara tsayuwa in yi mata bayani da ladabi, in ta ƙi ji in ajiye ladabin. Ba wadda ta ƙara tambayata ni a su wa.

Amsar tambayar da ta ramar da ni kuwa na same ta, ba a rana ɗaya ba. Na ga irinshi da yawa, na ga waɗanda suka tashi da waɗanda suka tafi, har na gane abin da ya faru da namu. Ba beli ba ne, da an yanka ma da ranar sunan zai tafi. Ba goyon ba ne, goyon ne ya kai shi inda ya kai. Cuta ce ta shiga jininshi, irin wadda ƙirji kaɗai ba ya maganinta. Da na tabbatar, na ɗauki hutu na hau mota takanas sai Rawayau, ina jin kamar na ɗauko wa Yaya kyautar da ta fi kowace.

Na same ta a inuwar ɗaki tana ɓarar gyaɗa, yaranta na wasa a gefe. Har yau a garin in ana zancen marar kunya da ita ake misali, Hajiya ma sai da ta shekara ba ta amsa gaisuwarta da kyau. Na zauna na zazzage mata karatu tas, huhu, jini, ƙwayar cuta, abin da na'ura ke yi da abin da ba ta yi. Na ce, "Kin gani, Yaya? Ba mu muka kashe shi ba. Ba laifinki, ba laifina."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta har na zaci ba ta ji ba. Sannan ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Yo ni ai ban taɓa tambaya ba. Ke ce mai tambaya." Ta dubi yaranta. "Ni abin da ke tada ni zaune, kwanakin nan na farko ne da na bar maki shi. Da na ƙara biye masu kaɗan, da ya zo ya tafi ban san nauyinshi ba."